Kafin Motar Gabas Ta Tashi

Tun da aka yanke gero a waccan shekarar, abinci bai sake zama a cikin Fanne ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, duk Gashuwa an san shi. Mahaifinta Malam Kalli, mai fataucin bandar kifi, ya sayar da jiragensa na ruwa da gonarsa ta fadama, ya ce zai tafi Makka ta ƙasa. A wancan zamanin, lokacin da manyan motoci ba su daɗe da fara keta rairayin Barno ba, tafiya gabas ba wasa ba ce. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai, wani kuwa sai dai labari ya zo cewa ya kafa gida a Sudan har ya yi jikoki. Shi Malam bai ma ɓoye ba, ya ce ba dawowa zai yi ba, a Madina yake roƙon Allah ya karɓi ransa.

Kuma ya ce ƙafarsa ƙafar Fanne.

Ita kaɗai ta rage masa. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ce girkinsa, ita ce wankinsa, ita ta san yawan tsamiyar da yake so a kunu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta, sai dai Uwata. Sa'o'inta duk sun yi aure har da masu goyo na biyu, ita tana nan, ba kuma don ta rasa manema ba. Mutum ɗaya take so, shi ne kuma Malam ya ce kada a ƙara ambata masa sunansa.

Kullum bayan la'asar zauren gidan cika yake da masu niyyar tafiya. Jagoransu Hamajoɗa, wani dogon Bafulatani mai sanyin murya wanda ya taɓa zuwa ya dawo, shi ke zama a tsakiya ya share rairayi da tafin hannu, ya zana musu hanya da tsinke. Duk garin da ya ambata sai ya dasa ƙwallon dabino a wurin.

Ran nan Fanne ta kawo musu ruwa, ta kasa komawa ciki. Ta laɓe bayan asabari.

"Nan Gashuwa," in ji Hamajoɗa, ya dasa ƙwallo. "Nan Damaturu, nan Yarwa, babban birnin Barno. A Yarwa za mu sauya mota. To daga nan hanya ta rabu biyu. In muka bi ta Dikwa ta fi kusa, amma sai in baƙar ƙasar nan ta gama bushewa, in ba haka ba mota nutsewa take yi har gindi. In kuwa muka bi ta Bama da Mora, sai mun ratsa dajin Waza."

"Me ke cikinsa?" wani ya tambaya.

"Me ne ne babu? Faransawa sun hana harbi a ciki, namun dawa sun miƙe ƙafa. Giwaye sai su tare hanya, direba ya kashe mota kowa ya yi tsit har su gama wucewa. Raƙuman dawa kuwa ta samanku za su leƙo. Ba a sauka kama ruwa a nan, kowa ya riƙe abinsa."

Aka yi dariya, wasu na salati. Ya ci gaba da dasawa: Kusuri, a haye ruwa zuwa Fallomi, Abashe, Fashir, Hartum. Ƙwallayen suka yi ta nisa har suka kai bakin ƙofa. Rairayin zauren ya ƙare, hanyar ba ta ƙare ba, sai da ya ce su ɗauka dokin ƙofar nan shi ne Bahar Maliya.

Fanne ta dubi ƙwallon farko, ta dubi na ƙarshe.

Da aka watse Hamajoɗa bai tashi ba. Ya rage murya.

"Malam, maganarmu tana nan? Ba matsa maka nake ba. Amma mace ba miji a wannan hanya akwai wuya. Kai kuma, Allah ya ƙara maka lafiya, girma ya zo. In wani abu ya faru a tsakanin Abashe da Fashir, wa zai tsaya mata?"

"Na gaya maka ba na yi wa Uwata dole," in ji Malam Kalli. "Amma hanya doguwa ce. Kafin mu kai Fallomi zuciyarta za ta sauko."

Ba ta san lokacin da moɗar hannunta ta faɗi ba. Ta kwashe ta ta shige ciki da gudu, ta faɗa kan gado ta cusa bakin zane a baki don kada a ji kukanta.

Gaskiya ne ba a yi mata dole ba. Sai dai an ɗora ta a hanyar da babu kowa a ƙarshenta sai Hamajoɗa.

*

Wanda take so sunansa Abbagana, direba ne ɗan Nguru. Shi ke jan wata tsohuwar lori yana kwasar gyaɗa da banda da barkono daga Gashuwa ya kai bakin jirgin ƙasa. Damina biyu da suka wuce ya turo baffanninsa da goro neman aurenta. Malam Kalli ya bar su tsaye a rana a ƙofar zaure, ba tabarma ba ruwa, dattawa masu furfura da suka taso tun daga Nguru. Da ya ga dama ya fito, a gaban masu wucewa ya ce:

"Ɗan mota ba shi da gari, ba shi da alƙibla. Yau ya kwana nan, gobe can, sallarsa a gindin taya. Ku ɗauki goronku."

Ni dai har yau ban gane laifin direba ba, tunda a motar direban Malam zai je Makkan. Amma wa ya isa ya faɗa masa?

To akwai abin da duk mai tafiya gabas yake yi kafin ya sa ƙafa a hanya. Sai ya bi mutane gida gida yana neman gafara, duk wanda ya san ya taɓa ɓata wa, komai daɗewa. Malam Kalli kuwa ya ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Ya hau jaki har Yusufari don wani mutum da ya taɓa daka wa tsawa a kasuwa tun Fanne ba ta yi wayo ba. Ya durƙusa wa maƙwabciyarsa saboda akuyarta da ya taɓa jifa ta gurgunce. Ya rantse ko mutum ɗaya ya riƙe shi ba zai hau mota ba, don ba zai je gaban Ka'aba da haƙƙin wani a wuyansa ba.

Fanne ta je gidan ƙanwarsa, Gwaggo Mairam, idanunta sun kumbura.

"Gwaggo, har mai akuya an roƙa. Ni fa? Ni da ya fi ɓata wa, yaushe zai nemi tawa gafarar?"

Gwaggo Mairam ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi.

"Ke da za ku tafi tare? Ba a neman gafarar abokin tafiya, 'yar nan. Wanda za a bari shi ake roƙo, don ba a san ko za a sake ganawa ba." Ta ja tsaki. "Ni dai na tuna masa dattawan Nguru da ya shanya a rana kamar barkono. Can dai ya ce zai je. Har shi yaron zai roƙa."

Fanne ta ɗago kai da sauri.

"Shi Abbagana?"

"Da wa?"

Fanne ta miƙe ta ja mayafinta, wata dabara na ƙulluwa a ranta.

*

Ranar kasuwar Gashuwa Abbagana ya shigo da motarsa. Gwaggo Mairam ta aika masa ya zo ya gaishe ta, ta shimfiɗa masa tabarma a gindin kurna, ita kuma ta koma gefe da kaɗinta kamar ba ta san abin da ake ciki ba.

Da ya ga Fanne sai da ya miƙe tsaye.

"Subhanallahi. Fanne, ke ce kika koma haka?"

"Ni ce. Zauna, ba ni da lokaci."

Ya zauna. Ta durƙusa nesa kaɗan, tana murza gefen mayafinta.

"An sa rana, Abbagana. Da hanya ta bushe za mu tashi. An ɗinka mini jaka, an saya mini salkar ruwa. Na ga hanyar da idona a ƙasan zauren Baba, wallahi ba ta da ƙarshe."

"Na ji a tasha."

"Ka ji, kuma kana zaune?"

"Me zan yi? Na tura wa Babanki liman, ya ƙi. Na tura masa sarkin tasha, ya ce ai shi ne babban ɗan motar."

"To ka biyo mu. Kai da ka iya mota, ko'ina za ka ci abinci."

Ya sunkuyar da kai.

"Kin san Ya Gumsu ba ta gani. Ni kaɗai ta haifa. Ko Gashuwa na kwana biyu sai na tarar ba ta ci abin kirki ba, tana zaune bakin ƙofa tana sauraren ƙarar mota. In na ce mata zan tafi gabas, na rantse miki kafin in kai Yarwa an binne ta."

Hawaye suka zubo wa Fanne. Ta san gaskiya ya faɗa, ita ma ba don ta yarda zai yiwu ta faɗa ba.

"Saura hanya ɗaya," ta ce.

"Wace?"

"Baba zai zo Nguru neman gafararka."

"Ni? Haba, wane ni."

"Zai zo. Zai durƙusa ya ce ka yafe masa." Ta rage murya. "Kada ka yafe."

Abbagana ya zuba mata ido kamar bai taɓa ganinta ba.

"Me kika ce?"

"Ka ce ba ka yafe ba sai ya ba ka ni. Ya rantse ko mutum ɗaya ya riƙe shi ba zai tafi ba. Ya sayar da jirage, ya sayar da gona, ba zai fasa Makka ba. Dole ya ba ka."

"Inna lillahi. Fanne, mahaifinki ne fa. In tsaya tsakanin tsoho da ɗakin Allah?"

"Shi da ya tsaya tsakanina da kai fa? Shi da ya shanya iyayenka a rana? Haƙƙinka ne, ba ƙwace za ka yi ba. Ko malamai sun ce mai haƙƙi yana da ikon ya riƙe."

"Ko da haka."

"Ko da haka me?" Muryarta ta fashe. "Ka san abin da ke jirana? Hamajoɗa bai taɓa yi mini mugun kallo ba, mutumin kirki ne, shi ya sa ma nake tsoro. Ranar da Baba ya kwanta ciwo a wani daji, babu wanda na sani, babu mai jin harshena, shi zai ɗebo ruwa, shi zai nemo magani. Da wane baki zan ce masa a'a? Zan aure shi, Abbagana. Zan haifa masa 'ya'ya a ƙasar da ban sani ba, in tsufa ina jin ƙarar mota gabana yana faɗuwa. Haka kake so?"

"Ki daina, don Allah."

"Ba zan daina ba. Kalma ɗaya na roƙe ka. Tun da muke ban taɓa roƙon ka ko ɗan kunne ba."

Ya rufe fuska da tafukansa. Namiji ne har namiji, wanda ke kwana a daji shi kaɗai in mota ta lalace, amma ran nan kafaɗunsa rawa suke yi.

"Ka yi mini alkawari."

Bai sauke hannu daga fuskarsa ba.

"Abbagana."

"To," ya ce da ƙyar. "Zan yi."

Can gefe zaren Gwaggo Mairam ya tsinke. Ta yi tsaki ta ƙulla, ba ta ɗago kai ba.

*

Malam Kalli ya tafi Nguru da Fanne, don ta yi sallama da dangin mahaifiyarta. Sai da suka gama zagayen dangi da abokan cinikinsa na bakin jirgi, sannan ya tambayi gidan su Abbagana.

Ƙaramin gida ne a bayan tashar jirgi. An tara baffannin nan a tsakar gida, an shimfiɗa wa baƙo tabarma a inuwa, an kawo ruwa. Aka shigar da Fanne bayan zana wurin Ya Gumsu. Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Lale, lale. Ke ce Fanne? Yarinya, hannunki ya yi sanyi ƙarara."

Fanne ta durƙusa kusa da ita. Idonta na jikin wata 'yar kafa ta zanar.

Malam Kalli bai hau tabarmar ba, bai kuma taɓa ruwan ba. Ya tuɓe takalmansa, ya tako tsakiyar rana inda ƙasa ta ɗau zafi, ya durƙusa a nan.

"Na bar ku a rana a ƙofar gidana," ya ce wa dattawan. "Ban ba ku wurin zama ba, ban ba ku ruwa ba. Zan tafi inda ba na sa ran dawowa. Ku yafe mini don Allah."

Dattawan suka rikice, suna haba Malam, tashi Malam. Babbansu ya ce, "Mu mun yafe. Amma mai abin ga shi nan, shi aka yi wa."

Malam ya juya a durƙushe, bai tashi ba, ya fuskanci Abbagana. Ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa. Kansa fari fat, gumi na bin wuyansa.

"Abbagana, na ce ba ka da gari, ga shi na zo garinku. Na ce ba ka da alƙibla, alhali ban taɓa bin ka na ga sallarka ba. Na ci mutuncinka a gaban jama'a. Ka yafe mini."

Can nesa jirgi ya yi kuka.

Fanne ta matse hannun tsohuwa ba ta sani ba. A ranta faɗi take, ka faɗa, ka faɗa, don girman Allah ka faɗa.

Abbagana ya ɗago kai. Ya dubi zanar, ya san tana bayanta. Ya dubi ƙafafun tsohon a kan ƙasa mai zafi, yatsun suna motsi don ƙuna, amma ya ƙi gyarawa.

"Baba," ya ce, "akwai..."

Ya tsaya.

Malam Kalli bai ɗago ba. Jira yake.

Sai kawai Abbagana ya zube a gabansa, ya ɗauki hular ya karkaɗe ta ya mayar masa a ka.

"Na yafe, Baba. Duniya da lahira. Tashi, ƙasar nan da zafi. Allah ya kai ka lafiya, ka sa mu a addu'a."

Wani sauti ya kuɓuce wa Fanne, ba kuka ba, ba ihu ba. Ya Gumsu ta jawo ta jikinta ta rufe mata baki da ƙirjinta tana shafa bayanta.

Da za su tafi, Malam na sallama da dattawa a waje, Abbagana ya zagayo bayan zana. Ta miƙe tana gyara mayafi, ba ta dube shi ba.

"Fanne."

"Kada ka kira sunana."

"Ki saurare ni."

"Na saurare ka ai. Duk gidan nan an saurare ka. Duniya da lahira! Ko ɗan jinkiri ba ka yi ba."

"Wallahi na ɗauko maganar, tana bakina. Sai na ga kansa a ƙasa. Fanne, ban san mahaifina ba, yana rasuwa aka haife ni. Ban taɓa ganin furfura ta durƙusa mini ba. Da na faɗa, da na same ki, amma kullum na dube ki sai na ga tsohon nan a rana."

"To yanzu ba za ka gan ni ba sam, ka huta."

"Ki yafe mini."

Ta juyo, idanunta jajur.

"Kai ne gwanin yafiya. Ni ban iya ba."

Ta fice. A mota har Gashuwa fuskarta na kallon waje, Malam kuwa carbinsa kawai yake ja.

*

Ranar tafiya tun da hantsi tashar Gashuwa ta cika. Lorin da za ta kai su Yarwa an lafta mata kaya har ta yi doro: buhunan gero, salkuna, tabarmi, tukwane. Mata na koke-koke, maza na addu'a, Hamajoɗa na kai da kawo yana nuna wa kowa wurin zamansa.

Fanne ta tsaya kusa da Gwaggo Mairam kamar an dasa ta. Ta daina kuka tun shekaranjiya, hawayen sun ƙafe. Can bayan taron ta hango Abbagana tsaye jikin motarsa. Ta kawar da kai.

Sai ta lura da jakarta a ƙasa, da salkarta a kai. An ɗaure kaya an ja igiya, nata ba a ɗora ba.

"Gwaggo, an manta kayana."

Gwaggo Mairam ta fyace hanci da gefen zane.

Malam Kalli yana bin masu rakiya ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi liman gafara, ya roƙi maƙwabta, ya zo kan ƙanwarsa suka rungume tana kuka tana cewa, "Na yafe, Yaya Malam, ni ma ka yafe mini bakina."

Daga nan sai ya matso ya tsaya a gaban Fanne.

Ta ɗauka cewa zai yi ta hau. Ta sunkuya za ta ɗauki jaka.

"Bar ta, Uwata."

Ta ɗago. Ya tuɓe takalmansa.

"Uwata, ki yafe mini."

Da farko ba ta gane ba. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi jakar, ta dubi Gwaggo. Sai maganar nan ta dawo mata: ba a neman gafarar abokin tafiya.

"Baba..." ta ce. "Baba, ai tare za mu."

Ya girgiza kai.

"Gwaggonki ba ta iya riƙe magana ba. Kafin in je Nguru na san abin da kika roƙi yaron nan. Na je da shirin ya riƙe ni. Da ya riƙe ni da na ba shi ke, ba yadda zan yi, amma da har in mutu hankalina bai kwanta da hannun da na bar ki ba." Ya share ido da hannun riga. "Yaron nan na ba shi wuƙa na miƙa masa wuya, ya mayar mini da hulata. Na wakilta liman, ranar Juma'a za a ɗaura. Hamajoɗa ma na gaya masa, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri."

Abin da ta yi damina biyu tana roƙon Allah ke nan. Ga shi an ba ta a tsakiyar tasha, amma wallahi ba farin ciki ta ji ba. Sai yanzu ta ga yadda wuyansa ya rame, ta ga rigar da ita ta wanke masa jiya. Ƙwallayen dabinon nan suka dawo mata, tun daga tsakiyar zaure har dokin ƙofa, shi kaɗai a kansu.

"Wa zai dama maka kunu?" ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Wa ya san tsamiyarka? In ƙafarka ta tashi a dajin giwayen nan wa zai gasa maka? Baba, na fasa. Wallahi na fasa, a ɗora kayana."

"Ba za a ɗora ba. Na riƙe ki kina dama mini kunu har sa'o'inki suka yi 'ya'ya, ina cewa tausayinki nake ji, ashe kaina nake tausayi. Har na so in ja ki ƙasar da ba ki da kowa, in mutu in bar ki a can. Wannan shi ne haƙƙin da ya fi na kowa nauyi, shi na bari ƙarshe. Ki yafe mini."

Direba ya danna ƙaho. Matafiya duk sun hau, sun zuba musu ido daga saman kaya.

"Malam, rana tana yi," in ji Hamajoɗa a hankali.

"Ba zan hau ba sai ta faɗa. Kun san rantsuwata."

Fanne ta daskare. In ta yi shiru ba zai tafi ba. Zai koma gida da ita, ta ci gaba da ganinsa kullum, ga kuma aure an riga an ba da. Shiru kawai za ta yi ta samu duka biyun. Babu wanda zai ce ta yi ƙwace, haƙƙinta ne, ita da bakinta ta faɗa a gindin kurna.

Ta waiga bayan taron. Abbagana yana kallonta, bai yi mata alamar komai ba.

Ta dawo da ido kan mahaifinta. Ƙafafunsa tsirara a kan rairayi, yatsun sun fara motsi don zafi, ya ƙi gyarawa.

Ta durƙusa. Ta ɗauki takalmin dama ta karkaɗe, ta ɗaga ƙafarsa ta sa masa. Ta ɗauki na hagu.

"Na yafe, Baba."

"Ban ji ba, Uwata."

"Na yafe." Ta kifa goshinta a kan ƙafarsa. "Duniya da lahira."

Ya ɗora hannu a kanta ya daɗe yana motsa baki. Sannan ya zare ƙafarsa a hankali, aka kama shi ya hau.

Mota ta yi gurnani ta ja. Fanne ta miƙe ta bi ta da gudu, mayafinta na jan ƙasa, tana ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi a gaban maza ba.

"Malam Hamajoɗa! Tsamiyar tana cikin jar jaka! Kada a cika masa, kaɗan yake so! A jiƙa ta tukuna!"

Hamajoɗa ya ɗaga hannu alamar ya ji. Malam Kalli bai waiwayo ba, amma ta ga ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Ta tsaya a tsakiyar hanya har ƙarar motar ta ɓace. Da ta juyo, Abbagana na tsaye nesa kaɗan, ya rataya salkarta a kafaɗa, jakarta a hannu, ya rasa ko ya matso ko ya tsaya.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta share fuska da bayan hannu.

"Ashe haka ƙasar take da zafi," ta ce.